Takardun da Ke Ƙarƙashin Ƙafar Tebur

Akwai wani mai toya burodi a garin Örebro, sunansa Mizanur Talukdar. Mutumin Sylhet ne ta ƙasar Bangladesh. Ya zo Sweden da izinin aiki, bayan shekara guda matarsa Rokeya da 'yarsu Nusrat suka biyo shi. Zaman su ukun duka ya dogara ne da takardar nan tasa.

Irin wannan izini na shekara biyu ne, sai a sabunta a ƙara biyu. Wanda ya cika huɗu lafiya yana iya neman zaman dindindin. Abin da Mizanur ya sa a gaba ke nan.

Birger, mai gidan burodin, bai taɓa samun ma'aikaci irinsa ba. Mizanur ba ya makara, ba ya cewa kansa na ciwo. Bai taɓa ɗaukar hutun shekara ba, kuma da wannan ya fi alfahari.

A wajen akwai Gunilla, dattijuwa mai sayarwa a kanta, ita ce kuma wakiliyar ƙungiyar ƙwadago. Duk watan Mayu takan rubuta takardun hutu da hannunta, Birger ya sa hannu da kwanan wata, ta raba wa kowa ya cike makonnin da yake so. Takan raba su ne lokacin fika, ƙarfe goma na safe, sa'ad da ake barin aiki a zauna a ɗakin baya a sha kofi da burodin kirfa. Teburin ɗakin yana da ƙafa ɗaya gajera, ko kofi aka ajiye sai ya yi rawa.

A shekarar farko ta miƙa wa Mizanur tasa.

"Goggo, hutun me zan yi? Kin ga ina ciwo ne?"

"Sunana Gunilla, ni ba ƙanwar babanka ba ce. Kwana ashirin da biyar doka ta ba ka. Ba alfarma ba ce, cikin sharuɗɗan aikinka yake."

"To ki ba Batbayar nawa ya haɗa da nasa. Na ji kifayen tafki na cigiyarsa."

Batbayar ɗan Mongoliya ne, shi ma da izinin aiki ya zo, wata ɗaya da Mizanur, kuma a kwalekwalensa yake cin hutunsa yana kamun kifi. Yana cike tasa takardar, bai ko ɗago ba ya ce, "Kifi bai taɓa tambayata daga ina na zo ba. Shi ya sa muke shiri."

Mizanur ya ninke takardar sau huɗu, ya sunkuya ya cusa ta ƙarƙashin gajeruwar ƙafar. Tebur ya tsaya cak.

"Kin gani? Yau dokar Sweden ta yi amfani."

Kowa ya yi dariya, har Birger. Gunilla ta ci gaba da shan kofinta.

Haka aka yi ta yi. Kafin wani Mayu ya zagayo takardar ta lotse, tebur ya koma rawarsa, sai Mizanur ya ƙara sabuwa a kan tsohuwa. A sabuntawar farko ba wanda ya ce masa komai, wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa.

A shekara ta uku Gunilla ta tare shi a bakin tanda.

"Mizan, masu duba takardunku ba sa ganin guminka. Abin da aka rubuta suke karantawa. Ko mako uku ne ka ɗauka."

"Goggo, a garinmu rago ake kora. Ban taɓa jin inda aka kori mutum don ya cika aiki ba. Ku dai kuna son kwanciya a rana, ku kwanta. Ni ba kwanciya ta kawo ni ba."

Ta je ta yi wa Birger magana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mutum ya ce ba ya so. Ɗaure shi zan yi in kai shi bakin ruwa?"

A gida ma Rokeya ta roƙe shi. Watan Yuli unguwarsu kan yi tsit, maƙwabta duk sun tafi.

"Baban Nusrat, ko mako ɗaya ne. In an koma makaranta kowa na ba da labarin inda ya je, yarinyar nan kuwa sai ta yi shiru."

"In takardar dindindin ta fito, sai ku zaɓi inda kuke so."

Da shekara huɗu ta cika, shi da Batbayar suka miƙa takardunsu a mako ɗaya. A watan Satumba ta Batbayar ta fito. A watan Oktoba wasiƙar Mizanur ta iso, ba irin wadda yake jira ba.

Hukumar shige da fice ta rubuta cewa bayanan aikinsa sun nuna bai yi hutu ko na kwana ɗaya ba cikin shekara huɗu. A wajenta wannan na nufin an yi aikin ne a kan sharuɗɗan da ba su kai waɗanda aka ba da izinin a kansu ba. Don haka ba za a sabunta ba. Shi da iyalinsa su shirya barin ƙasar, sai dai in sun ɗaukaka ƙara cikin mako uku.

Nusrat na aji uku a lokacin. Yaren Sweden ya fi zama a bakinta a kan Bengali.

Washegari da ƙarfe goma Mizanur ya ajiye wasiƙar a gaban Gunilla. Bai zauna ba. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ɗauki waya ta kira lauyar da ƙungiyarsu ke aiki da ita.

Lauyar ta zo da kanta bayan kwana biyu, ta zauna a teburin nan. Ta ce kotu za ta dubi lamarin gaba ɗaya, kuma tambayar da za ta fi nauyi ita ce ko mai gidan ne ya danne masa haƙƙinsa.

"Ina buƙatar shaida cewa an miƙa masa hutun kowace shekara a kan lokaci. Ba takardar da za ku zauna ku rubuta yau ba, wannan ba za ta karɓu ba."

Birger ya shafa kansa. "Wadda aka cike aka dawo da ita kawai nake ajiyewa. Shi bai taɓa dawo da ko ɗaya ba."

Mizanur yana kallon tafin hannunsa.

Sai Gunilla ta ture kujerarta baya. "Batbayar, ɗaga min teburin nan. Ku kama kofunanku."

Ta durƙusa a hankali, don gwiwarta ba ta da daɗi, ta zaro wani dunƙule baƙi da ya manne da daɓe. Ta kawo wuƙar man shanu ta riƙa ɓamɓare shi sannu sannu. Takardu huɗu ne. Ruwan goge ɗaki ya ɓata gefensu, ƙafar tebur ta huda tsakiyar ta sama. Amma a kowacce ana iya karanta sunan Mizanur, da sa hannun Birger, da kwanan wata.

Lauyar ta ɗaga ɗaya ta duba a haske. "Wa ya adana su a nan?"

"Shi da kansa," in ji Batbayar. "Mutum ne mai tsari."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Da aka watse Mizanur ya tare Gunilla a ƙofa.

"Shekara huɗu ina yi miki ba'a a gaban mutane. Me ya sa kika taimake ni?"

"Ba'a ba ta soke haƙƙin ma'aikaci. Jeka, burodinka zai ƙone."

Lauyar ta ce ya fara cin hutun nan take, don kotu ta ga an gyara kuskuren. Birger ya ba shi hutun mako shida, daga farkon Nuwamba. Mizanur ya zauna a gida yana kallon ruwan sama ta taga.

Rokeya ta ajiye masa shayi ta ce, "Ga hutun ya zo, Baban Nusrat. Lokacin da rana ke faɗuwa ƙarfe uku da rabi, yarinya kuma tana makaranta."

Wata goma sha ɗaya suka yi suna jira. Ba su iya fita ƙasar ba, don in sun fita babu tabbacin dawowa. Rokeya ba ta sayi labulen da take so ba, ta ce sai ta san gidan nasu ne. Duk ƙarar akwatin wasiƙa sai sun kalli juna.

A ƙarshe kotu ta ce an yi kuskure, amma ba da niyyar cutar ma'aikaci ba, kuma an gyara. Aka bar su su zauna.

Da Mayu ya zagayo, Gunilla ta raba takardu kamar kullum. Mizanur ya karɓi tasa da hannu biyu.

"Gunilla, ara min biro."

Ya rubuta mako huɗu a watan Yuli, ya juya wajen Batbayar. "Kwalekwalen nan naka zai ɗauki mutum huɗu?"

"In ba za ka yi wa kifi wa'azin aiki ba."

Yana sa hannu teburin ya yi rawa, kofi ya ɗan zube. Ba wanda ya sunkuya.

Darasi: Ƙwazo abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin sanin doka. In kana zaune a ƙasar wasu da izinin aiki, ka san sharuɗɗan takardarka har waɗanda kake ganin ba su da muhimmanci, domin zaman iyalinka a kansu yake. Kuma kada ka raina wanda ya riga ka sanin wuri in ya ja hankalinka. Ku tura wannan ga 'yan'uwa da ke aiki a ƙasashen waje, wataƙila akwai wanda tasa takardar ke ƙarƙashin tebur yanzu haka.