Ranar da Igiya Ta Ƙare a Garin Zaki

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To, Kande, matso da tabarma. Kai kuma Barau, maigidana marar cefane, rufe baki ka buɗe kunne.

A garin namun daji, inda Zaki ke sarauta, in damina ta sauka gayya ake yi: yau a taru a nome gonar wannan, gobe ta wancan. Kwaɗo ne makaɗi. Yana bin manoma da gangarsa, duk wanda ya riga kai ƙarshen kunya, shi ake kaɗa wa suna. Kullum kuwa Gafiya ke riga kowa, ganga ta yi ta cewa, "Gafiya ta gaba, ƙasa ta san hannunki!"

Gizo ma yana zuwa gayya, amma a bakin ƙwaryar fura yake nasa noman, har ya ajiye tumbi kamar randa. Duk sa'ad da ganga ta ambaci Gafiya, sai furar ta yi masa ɗaci. Ya koma gida yana tsaki, yana harbin kaji. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in suna kake so, ga fartanya can a rataye."

Ya ce, "Wa ya ce miki nawa nake so a kaɗa? Nata nake so a daina!"

Kun ji hassada ke nan. Ni dai na tsani wannan hali fiye da ciwon haƙori.

Sai Gizo ya tafi fada ya faɗi, da tsamin bakin nan nasa, ya ce, "Sayki, ka taɓa jin an kaɗa sunanka a gona? Garin naka ne, amma gangar ta Gafiya ce."

Zaki ya tuna bai taɓa ji ba. Nan take kishi ya kama shi. Ya sa aka yi shela: daga yau ba sunan da za a kaɗa sai na sarki. A ɗaure Gafiya a gindin tsamiyar ƙofar fada har kaka ta wuce. Wanda ya taka gonarta ko ya ambaci sunanta, a ɗaure shi tare da ita.

Ga geron Gafiya ya fara tasowa, ciyawa na neman shaƙe shi, ga 'ya'yanta ƙanana a rami. In ba a nome gonar ba, yunwa za ta kashe su kafin baɗi.

Dabbobi suka taru a bayan gari. Ɓauna ya ce, "Ku bar ni da Kura, dogarin nan na Zaki! Ƙaho ɗaya ya ishe ta!"

Tsohuwa Bushiya ta ce, "Sannu, jarumi. In ka soke ta, ka ba Zaki dalilin da yake nema. Farce nasa ne, haƙori nasa ne, a nan ba za mu kai labari ba. Amma igiya tana ƙarewa. Mu je mu nome gonar da rana tsaka, mu kira sunan Gafiya kowa na ji. In an zo kamu, mu miƙa hannu. Ba zagi, ba duka, ba gudu."

Da safe Bushiya da Zomo suka shiga gonar, Kwaɗo na binsu da ganga: "Gafiya ta gaba!" Kura ta sheƙo da igiya, Gizo na bayanta. Ita ta saba da bin masu gudu, sai ta ga ana miƙo mata hannu, ta tsaya sororo.

Gizo ya ce, "Zomo, ka gudu mana! Ba kai ne sarkin gudu ba?"

Zomo ya ce, "Yau ƙafata hutu take yi."

Aka ɗaure su, aka ƙwace gangar.

Washegari Biri da Barewa da Gada suka shiga. Ba ganga, sai suka riƙa buga fartanya da fartanya suna kiran sunan. Gizo ya lallaɓa kunnen Biri ya ce, "Kai ke shan ɗauri, ita ke shan suna. Ba ka jin haushi?"

Biri ya ce, "Ranar gayyata, wa ya nome mini rabin gona? Kai ne ko ita? Kura, ga hannuna."

Aka ɗaure su.

Rana ta uku gari duka ya fito, har Giwa, har Ɓauna. Gizo ya san in ba a yi faɗa ba shirinsa ya rushe. Ya watsa wa Ɓauna ƙasa a ido, ya ja masa wutsiya, ya zagi iyayensa. Idon Ɓauna ya kaɗa ya yi ja. Barau, da kai ne da tuni ka kai naushi, na san ka. Amma Ɓauna ya haɗiye, ya durƙusa, ya miƙa wuya. Wallahi ya fi burge ni a durƙushe.

Kura ta yi ta ɗauri, ta yi ta ɗauri, can ta ruga fada. "Ranka ya daɗe, igiya ta ƙare, ga su can sun yi layi suna jira!"

Zaki ya dubi Gizo. "Kai ka kawo shawara, kai za ka kawo igiya."

Gizo ya fara zaro zare daga cikinsa. Ya zaro, aka ɗaure. Ya zaro, aka ɗaure. Ƙafar Giwa ɗaya ta cinye rabin tumbinsa. Kafin a gama, ƙugunsa ya koma kamar tsinke.

To, an ɗaure kowa. Sai ruwa ya sauka, ranar noman gandun sarki ta zo, ba mai riƙe fartanya. Zaki ya ɗauki garma da kansa, Kura na dukan gangar Kwaɗo: "Zaki na gaba! Zaki na gaba!" Bai kai rabin kunya ba baya ya ƙage. Ya waiwaya ya ga ba kowa, sai ciyawa. Ya ce, "Ke, na gaba da wa?" Ya yar da garmar.

Ya dawo ƙofar fada ya tarar da ɗaurarru suna waƙa, suna kiran sunan duk wanda ya miƙa hannu: "Zomo bai gudu ba! Ɓauna bai rama ba! Gafiya ta gaba!" Gizo na kwance a gefe yana numfashi sama-sama, yana jin suna bayan suna, ba nasa. Abin ya ci shi, ya ci shi, har ya kasa daurewa. Ya yi tsalle ya ce, "Sayki, ni ma a ɗaure ni! An kira sunan kowa ban da ni!"

Aka fashe da dariya. Zaki bai yi dariya ba. A nan ya gane cutar wa ya ɗauka ya ɗora wa kansa. Ya sa farcensa ya tsinke igiyar Gafiya, ya ce a kwance kowa, ya janye dokar.

Gafiya ta ruga gonarta ta tarar an nome ta fes, geronta na kaɗawa, 'ya'yanta na wasa a kunya. Ta zauna ta yi kuka. Da ta share hawaye ta ɗau fartanya, gari ya bi ta gandun sarki, aka kaɗa sunanta Zaki na tsaye yana ji.

Gizo ya ce, "Ni fa?"

Kwaɗo ya ce, "Ga naka," ya doka: "Gizo na baya, igiyarka daga cikinka take!"

Kunya ta kore shi, ya haye rufin ɗaki. Ga shi can a lungu har yau da siririn ƙugunsa, yana ta saƙa igiya, ba ya kama kowa sai ƙuda.

Saboda haka, jikokina, in an kafa dokar zalunci, kada ku bi ta, kada kuma ku ɗau sanda. Ku haɗa kai ku tsaya a fili, igiyar azzalumi ba ta isa ta ɗaure gari ba. Mai hassada kuwa, duk igiyar da ya ɗaure wani da ita, daga cikinsa ya zaro ta.

Kungurus kan kusu, kusun ma ya tafi gayya. Kande, naɗe tabarmar.