Doyar da Aka Matse

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. Ni dai na ga kowace Lahadi Briskila ce Malama Rifkatu take kira ta ba yara misali, wai ita ce mai murya. To ni ma na haɗa nawa. Ban nuna wa kowa ba. Daga abin da Malam Istifanus ya koya mana a ajin kwamfuta na samo shi.

Akwai wani mutum manomin doya a wani ƙauye. Gonarsa ba ta da faɗi, amma Allah ya sa wa ƙasarsa albarka, doyarsa guda sai yaro ya rungume ta da hannu biyu. Yana da maƙwabci, shi kuma gonarsa har ido ya gaji, amma doyarsa matsakaiciya ce. Duk kaka, idan mutumin nan ya ga ana jera doya a rumbun maƙwabcinsa, tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro.

Ana nan sai aka kawo sabon fasto garin. Ya tara mutane ya ce, "'Yan'uwa, bana za mu buɗe gonar ikkilisiya, muna neman iri mai kyau. Ni baƙo ne, ban san gonar kowa ba. A zana mini girbin kowa a takarda, da hoto, don iyayenmu da ba su yi boko ba su gani. Ranar bikin godiya za mu zaɓi gidan da za a ɗauko iri."

Mutumin nan kuwa shi kaɗai ke da kwamfuta a garin, sai aka ba shi aikin. Ransa ya yi fari, don ya daɗe yana so a ce irinsa ne a gonar Ubangiji.

Bari in ɗan faɗi yadda ake yi, don ba kowa ya sani ba. Akwai wani allo mai gida-gida a kwamfuta. Sai ka rubuta sunaye a jeri ɗaya, yawan abin kowa a jeri na kusa. Ka zaɓe su, ka ce ta zana. Sai ta ja wa kowa sanda, mai yawa doguwa, mai kaɗan gajera. Daga nan ka taɓa sandar, ka ce a cika ta da hoto, a jera shi ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tambaye ka, hoto guda yana madadin nawa? Abin da ka faɗa kuma dole ka rubuta shi a ƙasa kowa ya sani.

Haka mutumin ya yi. Ya sa hoton doya guda a madadin ƙwarya ɗaya, wato doya ɗari. Da zane ya fito, ga layinsa da doya huɗu. Ga na maƙwabcinsa da goma sha biyu, sun yi sahu har bakin takarda.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce a ransa, "Lamba dai ba zan taɓa ba, ni mai tsoron Allah ne. Amma hoto ai ado ne kawai."

Sai ya taɓa sandar maƙwabcinsa ita kaɗai, ya ce hoto guda ƙwarya huɗu. Doya goma sha biyu ta koma uku. Ya taɓa tasa, ya ce hoto guda rabin ƙwarya. Huɗu ta koma takwas. Ya goge bayanin da ke ƙasa.

Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, waɗannan 'yan dunƙule-dunƙulen fa? Gwaza muka noma bana?"

Ya ce, "Ke dai ƙirga. Namu takwas, nasu uku."

Ta ce, "Ni dai idona ba haka ya gani ba."

Ya ce, "Me kika sani a kwamfuta?" Ta koma kan girkinta.

Abin da ya manta shi ne, tsawon sanda lamba ce ke yanke shi, ba hoto ba. Sandar maƙwabci tana nan da tsawonta, sai doya ukun nan suka miƙe suka cika ta, kowace kamar ƙafar ƙato. Tasa kuwa gajera ce, takwas suka matsu a ciki. Amma shi ƙirga yake yi, ba kallo ba.

Ranar bikin godiya aka manna takardar a bango. Wata tsohuwa ta matso da sandarta, ta dafa layin maƙwabcin ta ce, "Kai! Wannan doya ce ko turmi?" Ta gangaro kan layin mutumin ta ce, "Wayyo ɗana, ɓera ne ya haƙa maka kunya?" Mutane suka fashe da dariya.

Fasto ya ce, "To, ga yawa ga girma. Iri daga gidan mai manyan nan zai fito."

Sai maƙwabcin ya miƙe ya ce, "Baba Fasto, a yi mini gafara. Yawa kam na yarda. Amma girma, duk garin nan babu kamar doyar ɗan'uwana. Ban san me ya sami hoton ba."

Fasto ya juya ga mutumin ya ce, "Ai kai ka zana. Kuskure ne, ko haka take?"

Idan ya ce haka take, ya zagi gonarsa. Idan ya ce kuskure ne, sai an tambaye shi yadda aka yi, ya tona kansa a gaban ikkilisiya. Ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai. Sai ya ce a hankali, "Haka take."

Aka ɗauko iri daga gidan maƙwabcinsa. Shi da kansa ya taya ɗauka.

To yara, ga abin da misalin nan yake nufi. Sandar nan ita ce rabon da Allah ya auna wa kowa. Hoton kuma shi ne yadda muke faɗin juna a bakin mutane. Ba ka iya rage sandar ɗan'uwanka. In ka rage masa a nan, sai ta kumbura a can, shi ya sa iyayenmu suka ce hassada ga mai rabo taki ce. Abin da ya fi ba ni tausayi, mutumin nan yana da nasa. Da ya bar huɗunsa a yadda suke, ya sa doya guda ta gaske a buhu ya kai gaban fasto, da magana ta ƙare. Amma ya tsaya ƙirga na wani har ya matse nasa da hannunsa.

Kuma ni a ganina maƙwabcin ma, ko da yake mutumin kirki ne, bai san zafin zama a layin da ke ƙasa ba. Wanda kullum shi ake kira, yabon wani ba ya masa wuya. Amma wannan kada a gaya wa yara.

Mama na kirana, wai in zo in fere doya. Ranar Lahadi, in Malama ta tambaya ko akwai mai misali, ina ganin wannan karon zan ɗaga hannu.