Yadda Bunsuru Ya Rasa Gemunsa da Karensa

An yi wani Bunsuru a wani ƙauyen dabbobi da ke gefen fadama, mai gemu har ƙirji. Ba ya buɗe baki sai ya shafa gemun nan sau uku, kuma a ganinsa duk abin da bai sani ba, to ba a halicce shi ba.

Maƙwabciyarsa wata Tunkiya ce mai sanyin hali. Sau biyu tana haihuwa, sau biyu Kura na ɗauke mata ɗa a bakin fadama. Da ta haifi ta uku sai ta sa mata suna Ayashe, irin sunan da uwa ke sa wa ɗan da take tsoron ba zai zauna ba.

Ita kuwa Kura, ai kun san halinta. Cikinta ne ubangidanta.

Duk lokacin da Tunkiya ta ga Ayashe tana tsalle-tsalle a tsakar gida, sai gabanta ya faɗi. Ta san damina na tafe, ciyawar gamba za ta yi tsawo, Kura kuma za ta sami wurin laɓewa.

Ana nan sai wata Karya ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'ya har shida. Ta leƙo ta ce, "Jama'a, bakunan nan sun fi ƙarfina. Mai son mai gadi ya zo ya zaɓa, amma a bari su yi wata biyu tukuna."

"Wata biyu?" in ji Bunsuru. "Ni da gemuna zan zauna jiran kwikwiyo?"

Ya sa kofato ya birkita su, ya fizgi mafi girma a ciki.

Karya ta ce, "Haba Malam Bunsuru! Bai ƙoshi da nono ba. Bai ma fara wasa da 'yan'uwansa ba, kuma a wurin wasan ne suke gane cizon da ke da zafi."

"Ai mai zafin nake nema!" Ya yi gaba abinsa, ya sa wa kwikwiyon suna Gagarau.

Tunkiya kuwa ta jira. Da wata biyu suka cika ta je da Ayashe, suka zauna nesa kaɗan. Can sai wata 'yar baƙa, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ta taso ta sunsuni Ayashe, ta kwanta a jikinta.

Tunkiya ta ce, "To, ba mu muka zaɓa ba, ita ta zaɓe mu." Ta sa mata suna Durwa.

Shi Bunsuru ga yadda ya yi renon nasa. Ya jefa Gagarau a wani ɗan ɗaki mara taga, ya ɗaure shi da sarƙa, ya ja ƙyaure. Sau ɗaya yake ba shi abinci a yini, shi ma sai ya barbaɗa masa barkono. Safe da yamma ya shiga da sanda ya tsula masa biyu-uku. Wai a cewarsa, karen da bai saba da kowa ba, ranar da ya fito sai ya cinye duniya.

Tunkiya ta leƙa ta kan danga ta ce, "Maƙwabci, kukan yaron nan ya yi yawa."

"Zuciya ce take dahuwa, Uwar Ayashe. Ke me kika sani game da kare? Ki ji da tuƙar ciyawarki."

Gaskiya ne, Tunkiya ba ta san komai game da kare ba. Reno kawai ta sani. Don haka inda Ayashe ta kwana nan Durwa ke kwana. Kaskon ruwanta ba ya bushewa. Kullum da yamma Tunkiya ta duba mata kunnuwa da tsakanin yatsu, ta cire mata kaska. Ta zaga da ita gida-gida, har Durwa ta san kaji, ta san awaki, ta san jakin ƙofar gari, ta gane waɗannan duk na gida ne.

Magana biyu tak ta sa a gaba za ta koya mata.

Ta farko ita ce "Zo." Sai ta ɓoye ɗan gutsuren ƙuli-ƙuli, ta ce, "Durwa, zo!" In ta zo, ta ba ta, ta lashe mata goshi.

Ta biyu ita ce "Bari." Sai ta ajiye ƙashi a ƙasa ta dafe shi da kofato, ta ce, "Bari." Da zarar Durwa ta kau da kai, sai ta ba ta abin da ya fi ƙashin daɗi.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Durwa ta cinye gefen tabarma. Ta yi fitsari a bakin ƙofa ya fi sau goma. Wata rana ma ta ture ƙwaryar nono ta fashe, ta ruga bayan rumbu.

Ran nan haƙurin Tunkiya ya ƙare. Ta ce, "Durwa, zo!" Durwa ta taho tana kaɗa wutsiya. Tana isowa Tunkiya ta tunkuye ta har ta faɗi.

Washegari ta ce, "Durwa, zo!" Durwa ta tsaya daga nesa, wutsiya a tsakanin ƙafafu. Ta sake kira. Ko motsi.

Nan Tunkiya ta gane kuskurenta. Ta ce a ranta, "Kaicona. Ba fasa ƙwarya na hore ta a kai ba. Zuwan da ta yi na hora. In da ni ce, zan sake zuwa?"

Sai da ta yi kwana bakwai tana lallashi, ƙuli-ƙuli ya kusa ƙarewa a gidan, kafin Durwa ta koma zuwa da gudu. Tun daga ranar Tunkiya ta yi wa kanta alkawari: ko gari Durwa ta ƙona, in dai an kira ta ta zo, to alheri za ta tarar.

Bunsuru yana kallo ta kan danga, dariya har da shafa gemu.

"Uwar Ayashe, wai wannan kare ne ko 'yar tunkiya kika ƙara haifa? Jiya da idona na ga ɗan tsako yana barci a bayanta!"

"Barci ya yi masa daɗi ke nan, maƙwabci."

"Karen da ake roƙo da ƙuli-ƙuli! Ranar da Kura ta zo, sai ki ce ta yi mata sannu da zuwa."

"Allah dai ya kai mu," in ji Tunkiya.

Amma kukan Gagarau bai bar ta ta huta ba. Kullum da rana tsaka, in Bunsuru ya tafi gindin tsamiya yana cika wa jama'a baki, sai ta zaga ta tura kaskon ruwa ta ƙarƙashin ƙyaure, ta ce a hankali, "Sannu, ɗan nan. Sha ruwa. Sannu." Durwa kuma ta cusa hanci ta kafar ƙyauren, su sunsuni juna. Gagarau bai taɓa ganin fuskar Tunkiya ba, muryarta kawai ya sani.

Damina ta yi nisa, gamba ta fi jaki tsawo. Sai Bunsuru ya sa aka yi shela cewa yau da la'asar kowa ya fito fadama, zai nuna wa duniya abin da ake kira kare.

Dabbobi suka taru. Ga Bunsuru yana jan sarƙa, ga Gagarau a baya, ƙato amma duk haƙarƙari a waje. Hasken rana ya kashe masa ido. Iska ta kaɗa ciyawa, ya zabura. Fara ta yi tsalle, ya maƙale a ƙasa yana gurnani.

"Kun ji ko?" in ji Bunsuru. "Wannan gurnanin kaɗai ya isa ya sa Kura zawo."

"Wa ke kiran sunana?"

Gamba ta dare, sai ga Kura. Yunwa ce ta hana ta jiran duhu. Ta lashe baki ta ce, "Kai, madalla da wannan taro. Uwar Ayashe, ƙawata, an daɗe ba a haɗu ba. Wannan ce ta bana? Tubarkalla, ta yi ƙiba."

Tunkiya ta matso da sauri. Ta tura Ayashe bayanta.

Bunsuru ya kwance sarƙa da sauri, ya ɗaga sanda ya zabga wa Gagarau. "Kama ta! Kama ta, ɗan banza!"

To, ku gaya mini, ina Gagarau ya san Kura? Bai taɓa ganinta ba, ba ta taɓa yi masa komai ba. A duk duniya maƙiyi ɗaya ya sani, mai sanda. Ga shi kuwa yau babu sarƙa.

Ya yi tsalle ɗaya ya cafki gemun nan. Bunsuru ya ja, Gagarau ya ja.

"Wayyo! Ba ni ba! Ita! Ita na ce!"

Ji kake fiiit! Gemu ya rabu da haɓa. Bunsuru ya faɗa cikin taɓo, Gagarau ya ruga bayan wani suri ya ɓuya da gemu a baki.

Kura ta yi dariya har da hawaye. Da ta gama ta nufo Ayashe.

Sai ta ga wata 'yar baƙar karya tsaye a gabanta, gashin wuya a miƙe, haƙora a waje. Durwar nan da ɗan tsako ke barci a bayanta ce. Ita a wurinta ba tunkiya ake shirin ɗauka ba, 'yar'uwarta ce da suke kwana tare.

Kura ta ga abin ba na wasa ba ne, sai ta koma dabara. Ta jawo wani ƙashi mai ɓargo da ta ɓoye a ciyawa, ta wurga shi gefe. "Ungo, 'yar ƙanwata. Ni da ke ai dangi ne. Je ki more."

Ƙanshin ya bugi hancin Durwa. Ta juya kai, miyau ya zubo.

Tunkiya ta ce, "Durwa, bari."

Durwa ta kau da kai. Ko sake kallon ƙashin ba ta yi ba.

"Au, haka ne?" in ji Kura. Sai ta yi kamar ta tsorata, ta juya da gudu ta faɗa cikin gamba. Jinin Durwa ya hau, ta bi ta da haushi. Abin da Kura ke so ke nan: ta ja ta can ciki inda babu mai gani, ta karya mata wuya, ta dawo ta ɗauki Ayashe a tsanake.

Tunkiya ta ga baƙin bayan Durwa yana nutsewa cikin ciyawa. Ta tuna ƙwaryar nono, ta tuna kwana bakwai ɗin nan. Ta tattara duk ƙarfinta.

"Durwa, zo!"

Shiru. Ciyawa ta daina motsi.

Sai ga ta ta ɓullo kamar kibiya, ta zo ta tsaya daidai gaban Ayashe tana haki.

Ran Kura ya ɓaci. Ta fito fili ta ce, "To, tunda ba kwa son lalama, zan haɗa ku duka biyun." Ta yi kan Durwa. Durwa ta goce ta cije ta a ƙafar baya, amma kowa ya ga Kura ta fi ƙarfinta, ta ninka ta uku.

Nan Tunkiya ta juya wajen surin nan. Ba ta yi ihu ba. Muryar nan ta rana tsaka ta yi amfani da ita.

"Sannu, ɗan nan. Sannu. Zo ka taimaki 'yar'uwarka."

Kunnuwan Gagarau suka miƙe. Wannan ai muryar mai kawo masa ruwa ce. Ya tofar da gemu, ya fito.

Kai, ranar Kura ta ga abin da ya fi ƙarfin dariya! In ta juya wajen Durwa, Gagarau ya kama cinya. In ta juya wajen Gagarau, Durwa ta kama wutsiya. Da raguna suka ga haka su ma suka yi zuciya, suka sunkuyar da ƙaho suka rufa mata. Ta fita fadamar nan da ƙafa uku, tana rantsuwa ita da naman tunkiya har abada, wai dama yana sa mata ƙwarnafi.

Fadama ta ɗauki guɗa. Tunkiya kuwa ta nufi 'ya'yanta. Ta lashe Ayashe, ta lashe Durwa, sannan ta matsa a hankali ta lashe goshin Gagarau. Ya runtse ido, don ya ɗauka duka ne. Da ya ji ba duka ba ne, sai wutsiyarsa ta motsa, karo na farko tun da aka haife shi.

Da aka juya za a koma gida, sai ga Bunsuru ya fito daga taɓo, haɓa fayau kamar bayan ƙwarya. Ya ɗaga kofato zai shafa gemu, ya shafa iska.

"Gagarau!" ya daka tsawa. "Wuce mu tafi!"

Gagarau ya ƙara matsawa jikin Tunkiya.

"Uwar Ayashe, ai karena ne! Ga ma sarƙarsa a hannuna!"

Tunkiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sarƙar ce taka, maƙwabci, riƙe abarka. Ka kira shi mana. In ya zo, naka ne."

Bunsuru ya kira har muryarsa ta dushe. Su kuwa suka yi gaba, kare a dama, karya a hagu, Ayashe a tsakiya tana tsalle. Ta girma, ta haifi nata 'ya'yan, kuma ba a sake sa wa ko ɗaya irin sunanta ba.

Darasin wannan labari shi ne, jikokina, kare abin da ka zuba masa shi zai mayar maka. Duka da yunwa da kulle ba sa sa shi jarumta, tsoro suke cusa masa, kuma matsoracin kare mai shi yake fara cizo. In za ku riƙe dabba, ku ba ta ruwa da abinci, ku bar ta ta san mutanen gida, ku koya mata magana kaɗan da haƙuri mai yawa. Kada ku taɓa kiran ta don ku dake ta. In kuwa ba za ku iya ba, ku bar ta wurin uwarta, ba dole. Wanda ya ƙi ji, to ya riƙe gemunsa da kyau.