Sarkin da Ya Ɗaure Dawakin Ƙasarsa

An ce wani sarki aka taɓa yi a wata ƙasa mai yawan koramu da dawaki, Allah ne dai mafi sanin abin da ya shuɗe. Sarkin nan adali ne gwargwadon hali, ga shi mahayi na gaske. Yana da wani doki baƙi wuluk da ake kira Akawal, wanda ya raina da hannunsa tun yana ɗan duƙushi. Dokin ba ya yarda kowa ya ɗora masa sirdi sai ubangijinsa, shi kuma sarki ba ya karya kumallo sai ya leƙa barga ya ga abin da aka zuba masa.

Wata rana da damina suka fita kilisa. Suna bin gefen wata korama sai gaɓar ta zabtare da su, suka gangara tare, doki ya danne sarki a cikin taɓo. Da ƙyar aka janye shi, kafaɗarsa a karye. Maɗora suka yi aikinsu, ƙashi ya kama, ciwo ya warke. Amma wani abu ya saura wanda hannun maɗori ba ya lalubowa. Duk sa'ad da sarki ya ji haniniya sai gabansa ya faɗi, tafin hannunsa ya jiƙe da gumi, ya ji nauyin nan ya dawo masa kan ƙirji.

Ya ji kunyar a ce sarki na tsoron doki. Ya kuma san muddin talakawa na hawa, sai an tambayi abin da ya sa shi yake tafiya a ƙasa. Saboda haka ya tara fadawa ya gaya musu cewa kwanciyar jinya ta sa ya yi tunani a kan wahalar dabbobi, ya ga ɗan Adam ya daɗe yana zaluntar doki, don haka daga ranar kada kowa ya ƙara hawa a ƙasarsa. Fadawa suka yi ta yabon tausayinsa. Aka yi shela, aka bar wa alƙalai su zaɓi horon wanda ya saɓa, aka ɗaure kowane doki a turkensa.

Shi doki ba a halicce shi don tsayuwa wuri ɗaya ba. Kafin kaka ta wuce, ƙafafun Akawal suka kumbura, gashinsa ya dushe, ya koma gaigayar turke. Daga baya ya daina cin dusa da harawa gaba ɗaya. In wani ya zo kwance shi don ya ɗan zagaya da shi, sai ya kwantar da kunne ya kai cizo. Shamaki, mai kula da barga, ya aiko cewa in ba a yi wani abu ba, dokin ba zai kai bazara ba.

Sarki ya shiga damuwa ƙwarai, gama yana son dokin kamar da, ƙafarsa ce kawai ta ƙi kai shi barga. Ya kira wazirinsa, Ukasha, ya ce ya nemo mai magani ko daga ina ne. Waziri ya daɗe da gane inda matsalar take, amma ya san bakinsa ba zai iya faɗa ba. Sai ya tafi bayan gari wurin wani tsohon alƙali, Malam Junaidu, wanda ya ajiye shari'a da kansa ya koma noman albasa a ɗan lambunsa. Ya kwashe labari duka ya gaya masa. Malam ya wanke hannu, ya ɗauki sandarsa ya biyo shi.

Da suka iso, Malam ya wuce barga ya zauna nesa da dokin, bai taɓa shi ba, bai yi masa tofi ba, kallonsa kawai yake yi. Da ya gamsu, aka shigar da shi gaban sarki, ba kowa sai waziri. Sarki ya tambaye shi abin da ya gani.

Malam ya ce, "Ya sarki, rabin majinyaci na gani. Ciwo ɗaya ya kama biyu a rana ɗaya, an nuna mini guda, ba a nuna mini ɗayan ba."

Sarki ya ɓata rai, ya so ya gwada hankalinsa. Ya ce, "An ce kana da hikima. To faɗa mini, me ya fi nauyi a bayan doki, sirdi ko mahayi?"

"Ya sarki, mahayi yana sauka, sirdi ma ana sauke shi. Abin da ya fi su nauyi shi ne wanda doki ke ci gaba da ɗauka bayan an sauke su duka biyu."

"Me Akawal yake ɗauke da shi?"

"Ya faɗi tare da ubangijinsa, ya tashi, aka ɗaure shi, bai sake ganin fuskar da ya saba gani kowace safiya ba. Tun ran nan yana tsaye a bakin koramar, bai dawo gida ba tukuna."

Sarki ya tambaya da kakkausar murya ko Malam yana nufin shi tsoro yake ji. Malam ya amsa cikin natsuwa cewa bai ambaci tsoron kowa ba sai na doki. Ya ƙara da cewa ba zai nemi sarki ya hau ba, tunda doka ta hana, amma maganin ba ya aiki sai daga hannun da ya riƙe linzami ranar faɗuwar. Sarki ya rasa hanyar ƙi, ya amince, da sharaɗin kada kowa ya kasance a wurin sai su biyu.

Da hantsi suka nufi barga. Tun daga nesa warin wurin ya daki hancin sarki, ya tsaya ya dafa bango. Malam ya yi kamar bai gani ba. Ya tsaya gefensa ya shiga ba shi labarin yadda tsutsa ta ɓata masa albasa bara, da yadda maƙwabcinsa ke karkatar masa da ruwa. Sarki ya ce masa, "Malam, magani muka zo yi ko shari'ar albasa?" Malam ya ce ai maganin ke nan suna yi, doki na jin muryar ubangijinsa, kuma na yau ya isa. Suka juya.

Haka suka dinga yi. Kullum Malam yakan bar sarki ya matsa iyakar inda zai iya, in numfashinsa ya fara sarƙewa ya ce ya tsaya nan, ya ja iska a hankali, ya ambaci Allah, har ƙirjin ya lafa, sannan su koma. Bai taɓa cewa ya daure ya ƙara taku ba. Wata rana ma sarki ya kasa kai inda ya kai jiya, ya fusata da kansa. Malam ya ce masa shi ma ƙashin kafaɗarsa ba kullum yake kwana lafiya ba lokacin da yake kamawa, amma bai fasa kamawa ba.

Sannu a hankali sarki ya kai ƙofar barga, ya kai ga komin dusa, har ran da ya miƙa hannu da 'yar kanwa. Akawal ya daɗe yana shinshina hannun, sannan ya lasa, ya ɗora goshinsa a ƙirjin sarki, daidai inda ya danne shi. Sarki ya ƙame, amma bai ja da baya ba. Ran nan dokin ya ci dusa.

Daga nan Malam ya juya ga jikin dokin. Ya sa sarki ya kwance dabaibayi da kansa, ya dinga murza masa ƙafafu da ruwan ɗumi, ya taje masa geza. Ya hana a kawo linzami mai ƙarfe, ya ce bakin da ya daɗe bai ɗauka ba ragama ta ishe shi. Suka fara jan sa suna zagaya lambun bayan fada, kumburi ya soma sauka.

A lambun akwai wata 'yar magudanar ruwa da ƙaramin yaro ma zai tsallake. Da suka iso bakinta Akawal ya toge, ya baza hanci, jikinsa duka na ɓari. A da, sarki da bulala zai raba wannan gardama. Yanzu sai ya tsaya yana kallon gumin da ke keto wa dokin a wuya, ya dubi tafin hannunsa. Ya sassauta igiya, ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwan ya tsaya, yana yi masa magana a hankali. Aka daɗe a haka kafin doki ya sa kofato ɗaya, ya janye, ya sake sawa, sannan ya haye.

Sarki bai juyo ba ya ce, "Malam, rabin majinyacin da ba a nuna maka ba, ga shi a cikin ruwa."

Malam ya ce, "Na daɗe da ganinsa, ya sarki. Yana samun sauƙi."

Bayan haka aka fito da sirdi. Sarki ya shimfiɗa wa Akawal ƙyalle mai laushi a baya, ya ɗora sirdin, ya sauke. Wata rana ya sa ƙafa a likkafa ya cire. Wata rana ya hau, Malam na riƙe da ragama, ya zauna kaɗan ya sauka, don doki da mahayi su san cewa sauka tana hannunsu duk lokacin da suka so. Har wata safiya Malam ya saki ragamar. Akawal ya yi tafiya, ya ɗan yi sassarfa, sarki ya ji iska a fuskarsa, farin ciki ya rufe shi har ya manta da komai. Ya ga ƙofar bayan lambu a buɗe, ya bi ta ya fita kan hanyar kasuwa.

Nan ya yi kiciɓis da taron mutane. Dogarai ne suka taso wani mutum a gaba, ba takalmi, an ɗora masa sirdi a ka, ana zagaya gari da shi. Wannan ne horon da alƙalai suka zaɓa wa mai hawa. Da aka ga sarki a kan doki, sai dogarai suka tsaya. Sarki ya tambayi mutumin ko wane ne shi, da abin da ya yi. Ya ce sunansa Jatau, manomi ne daga wata ruga. Matarsa ce naƙuda ta yi wa tsanani, ungozoma kuma tana wani ƙauye, tsohuwa ce ba ta iya doguwar tafiya, shi ne ya hau goɗiyarsa ya ɗauko ta. Ya ce an sauka lafiya, don haka a zagaya da shi duk inda aka ga dama, bai yi da-na-sani ba.

Malam Junaidu ya ƙaraso yana dogara sanda. Ya dubi Jatau, ya dubi sarki, ya ce, "Ya sarki, na daɗe da barin shari'a, amma wannan ta fi ƙarfin in yi shiru. Mutum biyu sun aikata abu ɗaya a ƙasa ɗaya. Guda yana ɗauke da sirdi, guda sirdi yana ɗauke da shi. Wanne ne hukuncin?"

Waziri da ya biyo su a guje ya raɗa wa sarki cewa ya ce gwajin magani yake yi, ba wanda zai musa. Sarki bai saurare shi ba. Ya sauka, ya kwance majayin sirdinsa, ya shafa bayan Akawal. Ya sauke sirdin da ke kan Jatau da hannunsa, ya tuɓe takalmi, ya ɗauki nasa sirdin ya ɗora bisa rawaninsa.

Ya ce, "Jama'a, na gaya muku tausayin doki ne ya sa na hana hawa. Ba haka ba ne. Tsoro na ji, na kuma ji kunyar ku sani. Wannan bawan Allah ya hau don ya ceci rai, ni kuwa na hana don in ɓoye aibina. In akwai wanda ya cancanci zagayen nan, ni ne."

Ya umarci dogarai su ci gaba da aikinsu. Suka kasa ɗaga ƙafa, sai ya wuce gaba da kansa. Ya bi layin mahauta, ya bi na masu hatsi, ya zagaya kasuwar duka, ƙasa na ƙona masa tafin ƙafa, Akawal na bin bayansa ba wanda ya riƙe shi. Ba a ji dariyar kowa ba. Tsofaffin mahaya da suka taɓa faɗuwa suka ɓoye nasu tsoron shekara da shekaru, su ne suka fara cire takalma suka shiga bayansa.

Da ya dawo inda ya fara, ya sa aka yi shelar janye dokar, aka mayar wa Jatau da goɗiyarsa. Ya gargaɗi mutane kada murna ta sa su zabura sukuwa da dawakin da suka daɗe a ɗaure, a fara jan su a ƙasa har ƙafafunsu su dawo. Ya kuma hana a yi wa duk wanda ya faɗi gori, ko a tilasta masa hawa kafin zuciyarsa ta yarda.

Sannan ya roƙi Malam Junaidu ya dawo kujerar shari'a. Malam ya yi godiya ya ce albasarsa na jiran ruwa, kuma garin da sarkinsa ya yanke wa kansa hukunci ba ya ƙishin alƙali. Sarki ya ce to ya bar masa kalma ɗaya da zai riƙe.

Malam ya ce, "Ya sarki, tsoro ba laifi ba ne, kowane mai rai yana da nasa. Zalunci yana farawa ne ran da mai iko ya ɗora wa talaka nauyin da shi ya kamata ya ɗauka, adalci kuwa ran da ya sunkuya ya karɓi kayansa."