Kurege Ya Gajarta wa Rafi Hanya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana, ko kunnuwan na aro ne?

Ta zo mu ji ta.

Akwai wani ɗan rafi, Lanƙwasa, mai fitowa daga ƙarƙashin dutse. Rafi ne marar zuciya. Ya gangaro ta fadama, ya zo daf da tudun da Kurege ya haƙa raminsa, maimakon ya wuce, sai ya karkata yamma, ya zaga kurmi, ya gaida kowace bishiya, sannan ya dawo ta bayan tudun nan dai, ya je ya faɗa babban kogi. A mahaɗar nan gidan Kura yake.

Kura tana shanya kilishi a kan duwatsun sama da tudun, ta ɗauki Kurege korar shirwa. Da yamma ta lalube shi, har kumatu take matsawa, ta kuma rantse duk ɓarawon da ta kama da shi za ta yi miya.

Kurege ya ga kilishi ya sha yaji. Ya saka a ƙwarya, ya tura a ruwa. Kura ta lalube, ba komai. Ya koma bayan tudu ya zauna, ƙwarya ta gama zagaye ta iso, ya ci. Gobe haka, jibi haka. Kura tana ta zagin shirwa har kakanninta.

To, kwaɗayi ba ya son jira. Kurege ya ce wannan ai raini ne, yawunsa na zuba, rafi na yawon gaishe-gaishe. Ya haƙa magudana ya ratsa tudun, ta gefen ɗakinsa. Ranar da ya gama, ya cika ƙwarya har baki ya tura, sai ga hadari. Kura ta kwashe shanya ta yi gida, Kurege ya ruga raminsa. Ruwa ya sauko daga dutse, ya ga gajeriyar hanya. Wa ke ƙin sauƙi? Ya bi ta, ya rushe rami, ya tafi da rumbun gyaɗa, ya jefa Kurege cikin ƙwaryar, bai dire shi ko'ina ba sai ƙofar Kura.

Kura ta dubi kilishi, ta dubi Kurege, ta fara lasar baki.

Ya ce, "Gwaggo, ki yi mini sannu. Ɓarawonki na kamo, rafin nan ne. Da kokawa na ƙwato wannan."

Ta ce, "Rafi na cin nama, ɗan nema?"

"In ba shi da gaskiya, me ya sa ya gudu ya bar gidansa? Je ki duba. Sauran kilishin yana can a tsohuwar hanyarsa ya binne."

Kura ta je, ta tarar da gaske rafi ya tashi, sai kwantaccen ruwa da laka. Ta ce lallai marar gaskiya ko a ruwa gumi yake, bare shi ruwan da kansa. Ta afka tono, ƙafafun baya suka nutse. Ta ja, ta ja, da ƙyar ta fito, ƙugu ya zube, har yau bai miƙe ba.

Kurege kuwa ya tsira da fatarsa, amma ya yi damina a kogon kuka, ba rami, ba gyaɗa, yana atishawa.

Ƙurunƙus kan kurege jiƙaƙƙe. Wanda zai koya wa rafi sauri, ya fara kwashe kayan ɗakinsa.