Azarar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Baba Malam.

Kunkuru ne, ko bushiya? A'a, bushiya ce, na tuna. Damina ta matso, ɗakinta ba rufi. Sai ta sayar wa Gafiya mai itace giginyar bayan gidanta a kan kwanon gero biyu, ta kira Dila magini.

Dila ya ce, "Iya, azara ta yi tsada. Kwano goma ce, daga nesa ake kawo ta."

Kwano goman nan kuwa shi ne duk abincin daminarta. Ta ce a kawo ta gani.

Da aka kawo, sai ta ga ƙayarta uku maƙale a jikin azarar, daidai inda take sosa baya kullum.

Ta ce, "Sannu da hanya, Malam Dila. Daga ina?"

"Daga ƙetaren kogi, Iya. Gafiya ta ba ni a shida, na ɗora huɗu na wahala."

"Ashe giginyata ta yi tafiya ban sani ba. To, ga biyu na itace, ɗaya na tsagawa, ɗaya na ɗauko. Ladan ƙetare kogi kuwa, sai maƙwabta sun zo sun ga ƙayata."

Don gudun tonon asiri, Dila ya karɓi huɗu, ya rufa ɗaki kafin ruwan farko. Shi ya sa har yau bushiya ba ta rabuwa da kaya sai ta bar masa ƙaya.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Abin da na manta, ku yafe mini.