Maganin Hajiya Zinatu a Bakin Dijatu

Akwai wata mata a Azare, Hajiya Zinatu, wadda ba a kai mata kukan ciwo ta rasa abin cewa. Ba ta karanci aikin asibiti ba, amma kowa sai ta zaɓa masa magani.

Ranar da ma'aikatan lafiya suka zo unguwarsu awon hawan jini kyauta, ta je. Aka tarar nata ya hau. Aka ba ta ƙwayoyi, ɗaya kullum, aka ja mata kunne kada ta ba kowa.

Bayan sati biyu sai ga Dijatu, Bafulatanar da ke kawo mata nono daga rugarsu shekara tara ke nan. Dijatu ta ce jiri ya dame ta, tana son zuwa wurin masu awon nan.

Hajiya ta ce ba sai ta sha layi ba, ai ciwonsu ɗaya. Ta ƙulle mata ƙwayoyi a leda, ta ce ta riƙa shan biyu biyu tunda mai tafiyar ƙasa ce.

Kwana uku bayan nan Dijatu ta yanke jiki ta faɗi a bakin titi, ƙwaryar nono ta tarwatse. Mijinta Hammadu ya kai ta asibiti. Hajiya ta ji labari, ta zo dubiya.

Ma'aikaciyar jinya ta ce jinin Dijatu ya yi ƙasa ƙwarai, dama can ba ta da hawan jini. Dole a san abin da ta sha da yawansa kafin a san yadda za a cece ta.

Dijatu ta dubi Hajiya, ta kawar da kai. Ta ce ba ta sha komai ba. Ba za ta tona asirin babba a gaban mutane ba.

Aka sake tambaya. Hajiya tana tsaye tana ji. Aka tambaya karo na uku, idanun Dijatu suna lumshewa.

"Ni ce," in ji Hajiya, muryarta can ƙasa. "Maganina na ba ta. Biyu biyu."

Ta ciro ragowar ƙwayoyinta daga jaka ta miƙa. Ma'aikaciyar ta karɓa, ba ta ko dube ta ba.

Dijatu ta rayu. Hammadu bai yi faɗa ba. Ya raka Hajiya har ƙofa, ya ce, "Hajiya, mun san alheri kika nufa."

Ta so a ce zaginta ya yi. Har ta isa gida ba ta ɗaga kai ta gaida kowa ba.

Darasi: Jiri da ciwon kai ba su ke nuna hawan jini ba, awo ne. Ki je a auna ki, ka je a auna ka. Maganin da aka ba ka naka ne kai kaɗai, ka sha yadda aka ce. Ku tura wa iyayenku da maƙwabta, musamman masu likitanci a tsakar gida.